Yadda Ɗakin Lacca Ya Haifi Ilimin Injiniyancin Sauti

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya, mu leƙa tarihin wani fanni da ake karanta shi a jami'a, wato injiniyancin sauti.

Abin ya samo asali ne a Jami'ar Harvard ta Amurka a shekarar 1895. An gina sabon ɗakin lacca a gidan kayan tarihi na Fogg, amma da aka fara karatu a ciki sai aka tarar ba a fahimtar malami. Kalma ɗaya takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo a ɗakin, kafin ta mutu wasu sun hau kanta. Shugaban jami'ar, Charles Eliot, ya ɗora wa wani matashin malamin fiziks, Wallace Sabine, nauyin gyara.

Sabine bai da littafin da zai duba, don haka ya koma gwaji. Sai dare ya tsala gari ya yi tsit, shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga gidan wasa na Sanders, su shimfiɗa a ɗakin, a busa bututu, ya riƙe agogo yana auna lokacin da amon zai ɓace. Kafin gari ya waye su mayar da kayan. Shekara uku ana wannan fama.

Abin da ya gano shi ne, daɗewar amo tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abubuwan da ke shanye sauti, irin su labule, darduma da jikin mutane. Ya mayar da wannan lissafi, har aka yi amfani da shi wajen tsara zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Sabine ya rasu a 1919, amma ilimin ya ci gaba. A 1929 aka kafa ƙungiyar masana sauti ta Amurka, a 1963 kuma Jami'ar Southampton ta Ingila ta buɗe cibiyar nazarin sauti da girgiza, lokacin da ƙarar jiragen sama ta dami jama'a.

Don haka duk ranar da ka zauna a babban zaure, lasifika na tashi amma ba ka gane komai, ka sani ciwon tsoho ne, kuma an san maganinsa fiye da shekara 120.

Mu kwana nan.