Allura da Zare a Ƙasar Mafara: Wa Ya Koya wa Wa?



Duk wanda ya saba da littattafanmu na hikaya ya san marubutanmu ba sa gajiya da siffanta sutura. Za a ce yarinya ta fito cikin leshi ruwan hoda, saurayi ya sha shadda da aikin hannu har ƙasa, a cinye shafi guda a kan haka, amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya zauna ya ɗinka kayan, balle a ce ga wanda ya koya masa. To, yau a kan wannan nake son mu ɗan tattauna, kuma zan tsaya ne a yankin da na fi sani, wato Talatar Mafara da Bakura da Maradun, a yammacin Jihar Zamfara.

Ɗinki a wannan ƙasa ya girmi keken ɗinki nesa ba kusa ba. Ƙasar auduga ce, wadda mutanenmu ke kira kaɗa, kuma kasuwar Talata da garin Mafara ya samo suna daga gare ta ta daɗe tana haɗa manomi da masaƙi da marini. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya zauna a Faru, cikin ƙasar Maradun ta yau, lokacin da yake wa'azi a Zamfara a shekarun 1780. Bayan jihadi kuma, ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya sa kula da masu sana'a cikin aikin shugaba, ya ambaci maɗinka da marina a cikinsu, ya kuma nemi a tabbatar kowane gari yana da nasa. Ke nan tun wancan zamani manya sun san gari ba ya zaunuwa sai da mai allura.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka raba koyarwar tsakanin cikin gida da zaure. A cikin gida, kaka ce malama. Yarinya tana 'yar shekara 6 ko 7 za a zaunar da ita ta tsince ƙazanta daga auduga, daga nan ta koyi gurza, ta koyi shiɓa, kafin a yarda ta riƙe mazari. Sai ta yi ta tsinka zare tana shan dariya har hannunta ya faɗa, ta iya fitar da abawa, in ta gwanance ta kai ga zare mai laushi da masaƙa ke rububi. Uwa ba ta cika koyarwa ba, musamman ga 'yar fari, saboda kunya da kuma aikin gida da ya yi mata yawa. Kaka kuwa tana da lokaci, tana da wasan jika, ga shi idonta ya fara rauni tana bukatar mai zura mata zare. Ni kaina ta nan na shiga. Kakata takan ɗaga murya daga bakin ɗaki ta ce, "Maigida, taho ka sa min zare ga allurag ga, in ba ka iyawa in sake miji." In na zura, sai ta ce in zauna in riƙe mata bakin ƙyalle, kuma a haka, ba tare da an ce ana koya mini komai ba, na iya kalmasa da banki da sa maɓalli. Ƙanwata kuwa, wadda take kira kishiya, ita ta gaji mazarin.

A zaure kuma maza ne. Ɗinkin riga da wando a da aikin maza ne, kuma mafi yawan gwanayen surfani malamai ne da manyan almajiransu. Baturen nan David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kuma yi bincike a kan aikin rigunan Hausawa a shekarun 1970, ya tarar da wannan alaƙa tsakanin allo da allura a wurare da yawa na ƙasar Hausa. Dalilin a fili yake. Hannun da ya saba da alƙalami da zayyana shi ya fi iya zana aska biyu ko aska takwas a ƙirjin riga, kuma sana'a ce da mutum zai yi a zaune yana tilawa, ya sami na abinci ba tare da ya miƙa hannu ba. Yaro zai fara da haɗa ƙwaryar saƙi, waɗannan siraran ƙyallaye da ake jerawa har su zama riga, ya yi shekara a kan haka kafin a ba shi hula, sai daga baya a bar shi ya taɓa babbar riga. Riga guda mai cikakken aiki tana iya cin watanni. Ba a biyan kuɗin koyo. Ladan malam shi ne aikin da yaro ke yi masa, da noman da yake taya shi da damina.

Turawa suka zo da nasu lissafin. Su auduga suke so ɗanya, a kai masaƙun Ingila, a dawo mana da ita yadi. Jirgin ƙasa ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injin gurza a Gusau, audugar da a da ke tsayawa a hannun tsofaffi ta fara bin hanyar tasha. A tsakiyar shekarun 1960 aka buɗe masaƙar zamani a Gusau. Kaɗi bai mutu lokaci guda ba, amma ya fara zama aikin tsofaffi kaɗai, domin ba wanda zai ɓata wa jikarsa shekara 3 a kan zaren da ake samu da araha a kasuwa.

Keken ɗinki, Singer da farko sannan Butterfly na ƙasar Sin, ya canza wanda ke koyarwa. Tela ya buɗe shago a bakin kasuwa, uba ya riƙa kai ɗansa wurin wanda ba danginsa ba, a ce "ga amana". Yaron shago zai fara da shara da hura gawayin guga da aike, ya yi wata da watanni yana taka keke babu zare a kan takarda, kafin a ba shi wandon yara. A ganina wannan tsari bai yi asarar komai ba daga na zaure, domin sharaɗin bai sauya ba, wato zama kusa da babba na tsawon lokaci. Aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, ya kawo albashi da baƙi, teloli suka yi ciniki a Mafara irin wanda ba su taɓa gani ba. Amma ruwan nan ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tashi jama'a, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya. Gidan da aka tasa, zaurensa ma ya tashi.

Abu guda mai daɗi da keke ya kawo shi ne ya shiga cikin gida. Matan aure suka karɓi ɗinkin kayan mata da na yara, suka karɓi ɗinkin hula, har keke ya zama abin da ake sa wa amarya cikin kayan ɗaki. Matan da suka koya a shekarun 1980 su ne kakanni a yau, kuma su ne ke zaunar da jikoki a gefen keke yadda aka zaunar da mu a gefen mazari.

Abin mamaki, kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan 3 ya fitar da gwamna tun bayan ƙirƙiro jihar a 1996: Ahmad Sani daga Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari daga Talatar Mafara a 2011, Bello Matawalle daga Maradun a 2019. A tsawon wannan zamani na siyasa rabon kekunan ɗinki ya zama al'ada a duk Arewa, daga kansila har sanata. Ba na raina kyautar, na san gidajen da ta rufa wa asiri. Sai dai horon sati 2 ko wata 1 ba ya fitar da tela, shi ya sa wasu kekunan ke komawa kasuwa a cikin kwalinsu. Waɗanda suka ci moriyar abin, in ka bincika, yawanci akwai uwa ko goggo ko yaya a gida da ta riga ta iya.

Yanzu kuma ga matsalar 'yan bindiga. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara. A watan Agusta aka afka wa kwalejin aikin gona ta Bakura, a ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layin waya na wani lokaci. Iyayen da suka baro ƙauyuka suka shigo gari sun riƙa kai 'ya'yansu shagunan teloli, wasu don sana'a, wasu don dai yaro ya sami inda zai wuni. Na ga shagon da ke da keke 3 da yara fiye da 10, maigidan yana raba musu lokacin takawa kamar layin rijiya.

Tsofaffin da suka san kaɗi da haɗa ƙwarya da hannu kuwa, da yawansu a ƙauyukan da aka bari suke zaune a da. Wasu sun rasu, wasu suna raɓe a gidajen dangi a Mafara da Gusau da Sakkwato, babu gonar kaɗa, babu zaure. Wata dattijuwa daga cikinsu ta nuna mini mazarinta a ƙulle a bakin zane, ta ce shi kaɗai ta ɗauko ranar da suka gudo, kuma jikokinta sun ɗauka abin wasa ne suna juya shi a ƙasa.