Venetoclax

Venetoclax maganin sankarar jini ne da ake sha ta baki. Yana aiki a kan mitokondiriya, sashen ƙwayar halitta da ke samar mata da makamashi, wanda kuma ke kashe ta idan ta lalace.

Yadda yake aiki

Furotin BCL-2 yana jikin ɓawon mitokondiriya, aikinsa hana ƙwayar halitta mutuwa. Wasu ƙwayoyin sankara suna samar da shi fiye da kima, shi ya sa ba sa mutuwa. Venetoclax yana manne masa ya hana shi aiki. Daga nan furotin BAX da BAK su huda ɓawon, sinadarin sitokurom c ya fito, ƙwayar ta mutu.

Tarihi

A 1988 masu bincike a Cibiyar Walter da Eliza Hall ta Melbourne, Ostareliya, suka gano aikin BCL-2. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin a 2016.

Haɗari

Mutuwar ƙwayoyi masu yawa lokaci guda na iya lahanta ƙoda. Don haka masu sankara nau'in CLL ke farawa da miligiram 20 a rana, a kai 400 cikin mako biyar.