Shin duniya tana da mafari? Tambayar da ta haɗa Musa bin Maimun da Toma Akwinas

A watan Maris na shekarar 1277, bishop ɗin Faris, babban birnin Faransa, Etiyen Tampiye, ya fitar da jerin maganganu 219, ya ce duk malamin jami'ar da ya koyar da ɗaya daga cikinsu za a kore shi daga coci. A 1305 kuma babban malamin Yahudawan Barsalona, Sulaiman bin Adret, ya yi tasa shelar: duk wanda bai kai shekara 25 ba, kada ya kuskura ya buɗe littattafan falsafar Girkawa. Likitanci kaɗai ya ware. Addinin ba ɗaya ba, amma wanda ya hana su barci mutum guda ne, Aristotal, wanda ya mutu tun shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Rigimar ta girmi su biyun. Filo na Iskandariyya, Bayahuden da ya rayu a ƙarni na 1, ya karanta Attaura da Girkanci, ya yi mata tawili da tunanin Aflatun. 'Yan'uwansa ba su waiwaye shi ba, Kiristoci ne suka adana littattafansa. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ce daga falsafa bidi'o'i ke tsirowa. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, shi kuwa ya ce littattafan mabiya Aflatun ne suka fara koya masa cewa Allah ba jiki ba ne. Da Aflatun ana iya zama lafiya, domin ya yi zancen ruhi da wanda ya tsara duniya. Aristotal ne ƙadangaren bakin tulu. Babu mai iya watsi da manɗiƙinsa da iliminsa na halitta, amma ga shi ya ce duniya daɗaɗɗiya ce, ba ta da ranar farawa.

Da Larabci wannan matsala ta iso wa Yahudawa. An fassara Aristotal a Bagadaza, Farabi da Ibn Sina suka yi masa sharhi, daga baya Ibn Rushd na Ƙurɗuba, alƙalin Malikiyya mai Bidayatul Mujtahid da ɗalibanmu na fiƙihu suka sani, ya bi littattafansa ɗaya bayan ɗaya. A Ƙurɗubar nan aka haifi Musa bin Maimun wajen 1138. Da Muwahhidun suka karɓe garin a 1148, zama ya gagari Yahudawa, iyalinsa suka shiga yawo har Fas, daga ƙarshe suka sauka a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. Can ya zama jagoran Yahudawa kuma likita a fadar gidan Salahuddin. A wata wasiƙa da ya aika wa mai fassara littafinsa, Sama'ila bin Tibbon, ya bayyana yadda wuninsa ke tafiya: da sassafe ya hau dabba zuwa fada, ba ya dawowa sai bayan rana ta karkata, ya tarar da zaure cike da marasa lafiya, Yahudu da waɗanda ba Yahudu ba, ya roƙe su su ɗan dakata ya sa wani abu a bakinsa, sannan ya yi ta rubuta magani har dare, yana kishingiɗe saboda gajiya.

Wannan mutum ne ya rubuta Dalalatul Ha'irin wajen 1190, da harshen Larabci amma da haruffan Ibrananci. Ya rubuta shi ne domin ɗalibi mai imani wanda ya karanta falsafa, ya shiga ruɗani da ayoyin da ke ambaton hannun Allah ko fushinsa. Bin Maimun ya ce hankali ya tabbatar Allah ba jiki ba ne, don haka tilas a yi wa ayoyin tawili. Ya ma zarce, ya ce abin da bawa zai iya faɗa game da zatin Allah shi ne abin da Allah bai zamo ba, sai kuma ayyukansa.

Inda ya fi burge ni shi ne mas'alar mafarin duniya. Malaman kalam, Musulmi da Yahudu irin su Sa'adiya Gawon wanda ya rasu a 942, sun saba farawa da tabbatar da cewa duniya fararriya ce, daga nan su ce fararre dole yana da wanda ya farar da shi. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a zauren malam ya san wannan hanya. Bin Maimun ya yi imani duniya fararriya ce, amma bai gamsu da hujjojin ba, kuma bai ɓoye ba. Ya juya kan Aristotal, ya nuna shi ma bai kawo yankakkiyar hujja ba: ya ɗauki yadda duniya ke gudana yanzu ya auna yadda ta faro, alhali halin abu bayan ya kammala ba ya nuna halinsa lokacin da ake samar da shi. Tunda hankali ya tsaya a nan, sai a karɓi amsa daga annabci. Samuwar Allah kuwa, ya kafa mata hujjar da za ta tsaya ko da an sallama wa Aristotal maganarsa. Ba kowane malami ke iya ƙin hujja mai rauni ba idan tana goyon bayan abin da ya yi imani da shi.

Bin Maimun ya rasu a 1204, shekarar da aka kammala fassarar littafin zuwa Ibrananci. A 1232 malaman Yahudawa na arewacin Faransa suka haramta karanta shi bisa kiran wani malaminsu na kudu, Sulaiman na Monfeliye, har aka ƙona kwafe-kwafensa. Ba son rai ne kaɗai ya motsa su ba. Sun ga idan aka buɗe ƙofar tawili, matasa za su mayar da labaran annabawa da dokokin shari'a misalai kawai, su daina aiki da su.

Littafin ya shiga Latin, ya faɗa hannun Toma Akwinas, ɗan ɗarikar Dominikan daga kudancin Italiya, wanda aka haifa wajen 1225. A 1210 an hana koyar da littattafan Aristotal na halitta a Faris, amma zuwa 1255 jami'ar ta wajabta karanta su. Akwinas yana kiran Aristotal Masanin Falsafa, Ibn Rushd Mai Sharhi, bin Maimun kuma Rabbi Musa. A kan mafarin duniya ya tsaya inda Bayahuden ya tsaya: imani ne ya tabbatar da shi, ba a iya kafa shi da hujjar hankali. Ya yi gargaɗi cewa mai kare addini da dalili mara ƙarfi yana bai wa waɗanda ba su yi imani ba abin dariya, domin za su ɗauka a kan irin wannan dalili imanin ya dogara. Wannan matsayi ya saɓa wa na Bonabentura na ɗarikar Faransiskan, wanda ke ganin hankali kansa ya isa ya rushe maganar Aristotal.

Ba a komai suka yi daidai ba. Akwinas bai yarda a taƙaita siffofin Allah ga korewa kaɗai ba. Ya ce idan aka kira Allah mai hikima, an faɗi gaskiya game da shi, ko da yake hikimarsa ta wuce abin da bawa ya sani. Kuma karanta Rabbi Musa bai sauƙaƙa wa Yahudawan Faris komai ba: a wannan gari aka ƙona Talmud, littafin malaman Yahudawa, keke-keke a farkon shekarun 1240.

Akwinas ya rasu a 1274. Hukuncin Tampiye ya zo shekara uku cif bayan rasuwarsa, kuma wasu daga cikin maganganun da aka la'anta sun taɓa koyarwarsa, duk da cewa shi ma ya yi raddi ga mabiya Ibn Rushd na jami'ar, irin su Sijar na Barabant. Almajiransa na Dominikan suka tsaya kai da fata wajen kare shi. A 1323 Fafaroma ya sanya shi cikin waliyyan coci, a 1325 wani bishop na Faris ya janye hukuncin a duk inda ya shafe shi, a 1879 kuma Fafaroma Liyo na 13 ya umarci makarantun Katolika su riƙi koyarwarsa a matsayin tushen karatun falsafa.