Kundin Aiki da Matsalar Shaida a Tafarkin Thelema

Masu rubutu a kan Aleister Crowley (1875–1947) sun fi son tsayawa a kan abin kunyarsa: mata, ƙwayoyi, da laƙabin da wata jaridar Ingila ta manna masa na wanda ya fi kowa mugunta a duniya. Wannan ya sa ba a cika tambayar abin da ya fi muhimmanci ba, wato me mabiyin tafarkinsa na Thelema yake yi daga wayewar gari zuwa dare, kuma da me yake gane ya ci gaba ko ya ɓata. Ra'ayina shi ne ƙashin bayan wannan tafarki ba ya cikin rigunan tsafi da takubba da turare. Yana cikin kundin da aka wajabta wa kowane almajiri ya riƙa rubuta ayyukansa, kuma a cikin wannan kundin ne ƙarfin tafarkin da rauninsa suka fito fili.

Crowley ya tashi a gidan Kiristoci masu tsanani na ɗarikar Plymouth Brethren. Ya shiga ƙungiyar asiri ta Golden Dawn a Landan a 1898, ya koyi yoga wajen abokinsa Allan Bennett a Silon a 1901. A Alƙahira, ranakun 8, 9 da 10 ga Afrilun 1904, ya ce wata murya mai suna Aiwass ta yi masa shiftar littafin da ya zama tushen aƙidarsa, Liber AL vel Legis. Koyarwar a taƙaice ita ce kowane mutum yana da nufi na haƙiƙa wanda dominsa ya zo duniya, kuma gano shi da aikata shi ne kaɗai doka. Crowley ya sha nanata cewa wannan nufi daban yake da son zuciya. To, ta yaya za a rarrabe su?

Amsarsa ita ce horo. A ƙungiyar A∴A∴ da ya kafa tare da George Cecil Jones a 1907, ana fara wa almajiri da zama. Zai zaɓi yanayin zama ɗaya, ya daskare a ciki, kuma ba ya cin jarrabawa sai ya yi awa guda da ɗan faranti cike da ruwa a kansa ba tare da ɗigo ya zuba ba. Daga nan sai sarrafa numfashi da ƙidaya, sai tsayar da tunani a kan sura guda, yana lissafa sau nawa hankalinsa ya kuɓuce. Akwai darasin da ya fi wannan tsauri: almajiri zai haramta wa kansa wata kalma, kamar "ni", na tsawon mako, duk lokacin da ta suɓuce masa ya tsaga hannunsa da reza. Ana kuma gaida rana sau huɗu a yini da sunayen allolin Masar ta dā: Ra da fitowarta, Ahathoor da tsakar rana, Tum da faɗuwarta, Khephra da tsakar dare. Ƙololuwar duka ita ce saduwa da abin da suke kira mala'ikan da ke tsaron mutum, aikin da Crowley ya ɗauko daga littafin Abramelin, wanda dominsa ya sayi gidan Boleskine a bakin tafkin Loch Ness a 1899.

Duk wannan sai an rubuta shi. Almajiri zai sa kwanan wata da sa'a, yanayin gari, abin da ya ci, lafiyar jikinsa, aikin da ya yi, da abin da ya ji ko ya gani, ko da kuwa bai ga komai ba. Crowley da kansa ya buga kundin kwana goma sha biyu da ya yi yana halwa a Faris a 1908, a fitowar farko ta mujallarsa The Equinox a 1909, domin ya zama abin koyi. Mai karatu zai same shi yana rubuta abincin da ya ci a shago da gajiyar da ta kama shi kafaɗa da kafaɗa da addu'o'insa. Manufar mujallar ita ce a kai ga abin da addini ke nema ta hanyar da kimiyya ke bi. Har ma ya gargaɗi almajirai cewa kada su damu da ko aljanun da suke kira suna nan da gaske. Abin lura shi ne in an yi kaza, kaza na biyo baya.

Masana irin su Alex Owen da Egil Asprem sun nuna cewa wannan ba baƙon abu ba ne a Turai ta wancan zamani. Ilimin halayyar ɗan Adam yana tasowa, imani da coci yana raguwa a tsakanin 'yan boko, masu sihiri kuma suna neman harshen da zai sa a saurare su. Ina ganin ya kamata a ba Crowley haƙƙinsa a nan. Mutumin da ya ce wa almajirinsa ya rubuta gazawarsa, ya yi shakkar wahayinsa, ya ƙidaya kuskurensa, ya fi bokan da ke sayar da tabbaci gaskiya.

Amma kimiyya ba rubutu kaɗai ba ce. Abin da ke mayar da gwaji ilimi shi ne wani ya maimaita shi, ya sami saɓani, ya ƙaryata mai shi a bainar jama'a. Ruwan faranti ana iya ganin zubarsa. Nufi na haƙiƙa kuwa babu ma'aunin da za a ɗora shi a kai. In almajiri ya rubuta cewa mala'ikansa ya umarce shi ya saki matarsa ko ya bar sana'arsa, kundin zai adana maganar da sa'ar da aka yi ta, amma ba zai iya cewa daga mala'ika ta fito ko daga sha'awa ba. Za a ce ai almajirin yana miƙa kundinsa ga na gaba da shi bayan shekara guda. Haka ne, sai dai a zamanin Crowley wannan silsila a kansa take ƙarewa, shi kuwa babu wanda ke duba nasa.

Mai karatu Musulmi zai fi kowa ganin inda gizo ke saƙar, domin Crowley ya ɗebo daga rijiyar da Musulmi ya sani. Ya koyi Larabci a Alƙahira. A tarihin rayuwarsa ya ba da labarin tafiyar ƙafa da ya yi a hamadar Aljeriya a 1909 tare da almajirinsa Victor Neuburg, inda ya ce yana karanta Ƙulhuwallahu sau 1001 a yini yana sujada, a daidai tafiyar da yake kiran halittun da wani masani, John Dee, ya rubuta labarinsu a ƙarni na 16. Wasu masu nazari suna ganin gaisuwar rana ma daga tsarin salla ya kwaikwayo ta, alhali lokacin fitowar rana da faɗuwarta su ne aka hana nafila a cikinsu, don kada ibada ta yi kama da bautar rana. Ya ɗauki wuridi da halwa da binciken kai, ya bar abin da ke riƙe da su. A wajen sufaye, muridi yana ƙarƙashin shaihu, shaihun kuma yana ƙarƙashin shari'ar da bai rubuta da hannunsa ba, har ɗalibi na iya kafa masa hujja da ita. Haka yoga take da ƙa'idojin kamewa da ke gaba da zama da numfashi, Crowley kuwa ya fassara su da cewa duk abin da ke kwantar wa mutum hankali ya wadatar.

An ga sakamakon wannan a Cefalù ta tsibirin Sisili, inda ya buɗe zawiyarsa a 1920. A Fabrairun 1923 wani matashi da ya yi karatu a Oxford, Raoul Loveday, ya mutu a can, bisa ga dukkan alamu saboda gurɓataccen ruwan da ya sha. Matarsa Betty May ta koma Landan ta shaida wa jaridu cewa mazauna gidan suna tsaga hannuwansu in sun ce "ni", Crowley kaɗai aka yarje wa kalmar. Ko da an rage wani abu daga maganar mai fushi da baƙin ciki, abin takaici ne a ce tafarkin da ya yi alkawarin 'yantar da nufin kowa ya zama gidan da nufin mutum ɗaya ke mulki. Gwamnatin Mussolini ta kori Crowley a Afrilun shekarar.

Hujja mafi ƙarfi ma daga kundinsa ta fito. A 1922 ya buga wani littafin ƙirƙira inda masu shan ƙwaya suka warke bayan sun gano nufinsu na haƙiƙa. A wannan shekarar kuma yana rubuta ƙoƙarinsa na barin hodar heroin a Fontainebleau, yana lissafa abin da ya sha da sa'ar da ya sha, yana kawo dalilin ƙarin kowace rana. Bai rabu da ita ba ƙwarai, kuma yana kanta lokacin da ya mutu a Hastings a 1947. Kundin ya faɗi gaskiya, amma bai da ikon tsawatar wa mai shi.

Mabiyan Thelema na yau, musamman a ƙungiyar O.T.O. da Grady McMurtry ya farfaɗo da ita a Kalifoniya daga 1969, da yawansu sun bar reza, kuma suna sukar halin Crowley a fili. Wannan ci gaba ne. Sai dai sun gaji wani ɗan gajeren sharhi da ya rubuta a Tunis a 1925, wanda ake bugawa a ƙarshen littafin nasu mai tsarki. Sharhin ya hana nazarin littafin, ya ce a ƙaurace wa masu tattauna abin da ke ciki, kuma duk wata tambaya a kan dokar kowa ya warware ta shi kaɗai, ta hanyar komawa ga rubuce-rubucen Crowley.