RIBAƊI: DAGA MAƊAURIN DAWAKI ZUWA MAFAKAR ZAWARAWA

'Yar'uwa, idan kika ji an ce ribaɗi, me ke faɗo miki a rai? Wataƙila mayaƙa da ganuwa. Haka ne, amma ba a nan ta tsaya ba.

Asalin kalmar Larabci ce, daga tushen da ke nufin ɗaurewa, wato ɗaure dawaki cikin shirin ko-ta-kwana. Daga nan sai ta zama sunan gida mai katanga da ake ginawa a bakin iyaka, mazaunansa suna gadi suna ibada. Irinsa ne aka gina a Munastir ta ƙasar Tunisiya a shekarar 796, yana nan tsaye har yau a gaɓar teku. Rabat ma, babban birnin Maroko, daga wannan kalma ya samo sunansa. A nan ƙasar Hausa kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yayan Nana Asma'u, ya mai da Wurno ribaɗinsa, a can ya rasu a 1837, kabarinsa ma yana can.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Da tafiya ta yi tafiya, a biranen da ba su kusa da fagen fama, sai ribaɗi ya koma masaukin masu ibada da matafiya da marasa galihu. A birnin Alƙahira, a shekarar 1285, wata gimbiya, 'yar Sarki Baibars, ta gina wanda ake kira Ribaɗin Bagadadiyya. Su wa ke zama ciki? Matan da aka saka, da waɗanda mazajensu suka yi watsi da su. Malama ce ke shugabancin gidan, tana yi musu wa'azi tana karantar da su, har Allah Ya kawo wani mijin ko a sasanta da na da.

Ki duba fa, shekara ɗari bakwai da ɗoriya ke nan! Mu kuwa yau, mace nawa ake miƙa wa takarda da daddare, ga goyo, ga iyaye sun rasu, ta rasa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa? Mutanen da sun gane cewa mutuncin mace ma iyaka ne, yana bukatar katanga da mai gadi. Kuma ki lura, mace ce ta gina wancan, ba ta jira kowa ba.

Ba kowace ke da dukiyar gimbiya ba. Amma ɗaki guda da tuwon dare, da kame baki daga gorin zawarci, wannan kam ba zai gagari da yawanmu ba.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.