Daga Sawakin Zuwa Tiga: Abin da Ɗakin Jirgin Ruwa Ya Koya Min Game da Zafin Ɗakunanmu

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurara ba.

Bari in fara da wani dare na watan Afrilu a gidanmu da ke Tudun Wada. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, fankar caji ta yi ta ƙoƙari har ta tsaya cak. Ɗakunanmu na bulo ne, rufin kwano, taga ɗaya-ɗaya. Ɗan yayata mai shekara biyu ya yi ta kuka, duk bayansa ƙurajen zafi. Dole muka kwaso tabarmi muka fito tsakar gida. Nan muka tarar da kakarmu zaune tana fifita. Ta dube mu ta ce, "Ku ne kuka ce soron ƙasa ƙauyanci ne, to ga birnin nan, ku sha." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna min.

A daren ne ta ba mu labarin mahaifinta, wanda ya je Makka a ƙasa. Ta ce duk wahalar hanya, abin da ya fi yawan ambata shi ne zafin cikin jirgin ruwan da ya haye da su teku. Wannan ya sa na koma na karanta tarihin abin.

Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhazanmu kan bi ta Barno su shiga Chadi, su ratsa Darfur da Kurdufan, wasu su yi shekaru a hanya suna noma da ƙodago don su tara guzuri. Da yawa ma ba su dawo ba, su ne asalin Hausawan Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda ya kai gaɓar Bahar Maliya, sai ya tsaya a tashar Sawakin ya jira jirgin da zai kai shi Jidda. Wasu sukan samu jirgin hayaƙi, wasu kuma sai ƙananan jiragen katako na Larabawa, masu tafiya da ƙarfin iska, da babban ƙyalle a ɗaure jikin dogon itace.

To ka yi tunanin ƙasan irin wannan jirgi. Wuri ne ƙuntatacce, rana na dukan katako daga sama, iskar teku cike da laima, gumi ba ya bushewa. Ma'aikatan jiragen da na duniya suna da wata dabara ta maganin wannan: sai su ɗinka ƙyalle mai kauri kamar doguwar jaka mai buɗaɗɗen baki, su ɗaga bakin ya fuskanci iska, gindin kuma su zura shi ta ƙofar da ke sauka ƙasa. Iska ta shiga ta sama, ta gangara ta kori zafi. Babu inji, babu mai. Irin wannan hikimar ce a gine-ginen birnin Yazd na Iran da tsoffin gidajen Alƙahira, inda ake gina hasumiya a kan rufi don ta kamo iska ta cusa ta cikin gida.

Sanyi na inji kuwa bai daɗe ba. Wani likita a Florida ta Amurka, John Gorrie, ya ƙera injin yin ƙanƙara don ya sanyaya ɗakin masu zazzaɓi, aka yi masa rajistarsa a 1851. Sai a 1902 Willis Carrier ya haɗa na'urar da ake kallo a matsayin uwar AC ta zamani, kuma ba don mutane ya yi ta ba. Wata maɗaba'a ce a birnin New York laima ke lalata mata takarda da tawada. Daga baya ne na'urar ta shiga gidajen sinima, ofisoshi, gidaje, motoci, har da jiragen ruwa.

Yanzu mai ƙaramin jirgin iska a ƙasashen waje, idan zai sanyaya ɗan ɗakin kwanansa, zaɓinsa bai wuce huɗu ba. Na farko, rumfa a saman jirgin da waccan jakar kama iska ta kakanni, wadda har gobe ana sayar da ita. Na biyu, ƙananan fankoki masu aiki da batir. Na uku, ƙaramar AC irin ta taga, a ɗora ta a bakin ƙofar sama, amma ba ta aiki sai jirgin yana tasha an jona shi da wutar gari, ko an tada janareta. Na huɗu, AC ta musamman ta jiragen ruwa, wadda ke zuƙo ruwan teku da famfo, ruwan ya kwashe zafin na'urar ya koma teku. Ita ce ta fi sanyi, ita ce kuma ta fi tsada da cin wuta.

Da na gama karantawa sai na ce, ashe mu ma a jirgin ruwa muke. Ɗaki ƙarami, rana a ka, wuta ba tabbas, abin da ke cikin batir shi ne iyakar arzikinka. Bambancin kawai, su ruwa ne ya kewaye su, mu kuwa ƙura. Kuma lissafin ɗaya ne. Ƙaramar AC ta gida tana cin wat ɗari bakwai zuwa dubu. Fankar sola ba ta wuce wat ashirin zuwa talatin. Wutar da AC ɗaya za ta sha a dare guda, fanka za ta yi wajen wata tana juyi da ita. Shi ya sa gogaggen mai jirgi ba ya farawa da inji. Yakan fara da inuwa, sannan iska, sannan fanka, inji shi ne na ƙarshe.

Abin da ya ba ni kunya shi ne, kakanninmu sun san wannan jerin tun kafin a haifi Carrier. Ku je Gidan Makama a Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ku shiga ɗaya daga cikin sorayen, za ku ji bambanci da jikinku. Bangon tubali mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, bai gama ratsawa ciki ba sai dare ya yi. Rufin azara da ƙasa ba ya ɗaukar wuta kamar kwano. Taga ƙarama ce kuma a sama, don iska mai zafi sama take tashi. Babban Gwani, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ƙasa da azara ya ɗaga rufin da ɗaruruwan mutane ke salla a ƙarƙashinsa. Ga darbejiya ko ceɗiya a ƙofar gida, ga rumfa a tsakar gida, ga randa a lungu. Ba wai rayuwar da ba ta da wahala ba ce. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, damina mai ƙarfi tana rusa shi, gara tana cin azara. Dalilin da ya sa iyayenmu suka koma bulo da kwano ke nan, kuma dalili ne mai ƙarfi. Kuskuren shi ne da muka sauya kayan gini, sai muka yar da ilimin gaba ɗaya.

Akwai ma wani abu da muka fi mai jirgin ruwa sa'a a kansa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Wannan yana aiki ne idan iska busasshiya ce. A teku ba ya aiki, saboda laima. A nan kuwa daga Fabrairu zuwa farkon Mayu iskarmu a bushe take ƙamas. Da wannan Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi suna: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Na'urar nan mai fanka da tankin ruwa da ake sayarwa a kasuwa, dabarar randa ce aka sa mata wuta. Shi ya sa take daɗi a bazara, amma da damina ta sauka sai ta zama fanka kawai mai ƙara maka danshi. Kada mai shago ya ce maka AC ce.

Sai kuma Tiga, tekunmu na gida. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano, lokacin da fari ya addabi arewa. An tashi ƙauyuka da dama kafin ruwan ya kwanta, kuma shi ne ke shayar da noman rani na Kadawa, Kura da Bunkure. Na je can bayan wancan dare, na shiga kwale-kwalen wani masunci. Ba shi da ɗaki, ba shi da batir. Malafa ce a kansa, sai tsumma da yake tsomawa a ruwa ya yafa a wuya. Na tambaye shi, "Baba, zafi fa?" Ya ce, "Yaro, zafi yana gida, nan iska ce." Inuwa, ruwa, iska. Abin da littattafai suka ɗauki shafuka suna bayani, ya faɗe shi a numfashi ɗaya.

Me ya sa na damu da wannan har na yi masa shiri guda? Saboda ba maganar jin daɗi ba ce kawai. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Kano yana haura digiri 40. Jarirai da tsofaffi da masu ciki su ne ke fara jigata. A wannan lokacin ne kuma sanƙarau ke yaɗuwa, musamman inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum dubu goma a Nijeriya, kuma Kano tana cikin inda abin ya fi muni. Ga kuma janareta. Masu jiragen ruwa suna tsoron hayaƙinsa fiye da igiyar ruwa, domin iskar da ke kisa a cikinsa ba ta da wari, mutum yana barci za ta tafi da shi. Mu kuma sai mu ajiye shi a zaure ko gindin taga saboda tsoron ɓarayi. Don Allah a daina.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan kana shirin gina ɗakin aure, ko ke 'yar'uwa ana gyara miki ɗaki, ga abin da zan roƙa. A yi taga biyu masu kallon juna, a sa musu raga saboda sauro. A ɗaga rufi, a yi silin, a bar kafar da zafi zai fita tsakaninsa da kwano. Idan da hali a shafa wa kwanon farin fenti. A dasa bishiya a yamma da ɗakin tun ranar da aka haƙa tushe. Bayan nan a sayi fankar sola. Idan Allah ya hore aka kai ga AC, to za ta tarar da ɗakin da ba zai wahalar da ita ba, kuɗin wuta ma ya ragu.

Mu a gidanmu mun fasa bango mun ƙara taga, mun dasa darbejiya biyu. Kakarmu ta zo ta duba, ta ce saura randa.

Ku gaya min, a Kiru, Bebeji, Doguwa da sauran wurare, akwai sauran magina masu aikin tubali da azara a garinku? Ina son in je in zauna da su kafin ilimin ya bi su. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu damina mai albarka.