Daga Ƙofar Fada Zuwa Situdiyo: Yadda Ake Zama Mawaƙi a Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya zagaye birnin Damagaram da ganuwa, ya rasu a 1884, ba sha'awa ke kai mutum ga kiɗa ba. Gado ne. Ɗan mabushi ke gadon kakaki da algaita, ɗan makaɗi ya gaji ganga. Yaro kan fara da ɗaukar kaya a bayan ubansa, yana kallon yadda ake jiƙa fatar akuya, a ɗaure ta a bakin ganga, a shanya har ta ɗauki murya. Daga nan a jefa shi cikin 'yan amshi. Zai yi shekara da shekaru yana amshi, yana haddace sunayen sarakuna da kirarin kowannensu, kafin a bar shi ya ja baiti a daren Juma'a ko ranar hawan salla. Tukuicinsa riga ce ko damin gero, in rabo ya tsaga, doki. Wanda ba ɗan gado ba kuwa, iyayensa sun gwammace kome da a ce ɗansu maroƙi ne.

Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi babban birnin Nijar har zuwa 1926, amma wannan tsari bai girgiza ba. Cikinsa mawaƙi Ma'azu Ɗan Alalo ya tashi, kuma da Rediyon Nijar ya buɗe a 1958, muryoyin irinsu suka fara tsallake ganuwa.

Babban sauyin da muka gani ya zo ne da soja. Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin matasa na samariya, aka yi bikin matasa na ƙasa karo na farko a Damagaram a 1976. Unguwa ta kara da unguwa, gunduma da gunduma, gwanaye su wakilci jiha. Nan ne 'yan lakwal da 'ya'yan malamai suka samu ƙofar shiga, domin mai waƙar kishin ƙasa ba a ce masa maroƙi. Gaskiya yawancin waƙoƙin ba su wuce haɗin kai da dashen itace da yabon gwamnati ba, amma horon na gaske ne: makonni ana gwaji kowane dare, mai koyarwa ba ya ɗaga ƙafa. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta ba masu jita fili, ƙungiyoyi irin su Super Haske ta Sani Abusa suka yi tashe. Malam Maman Barka, ɗan Tasker, malamin makaranta ne kafin gurminsa ya ɗauke shi, abin da a da ba ya ko misaltuwa.

Da shekarun 1990 suka kama, aljihun gwamnati ya bushe, samariya ta watse. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, kaset-kaset na fina-finan Kano suka cika kasuwar Dole. Fiyano ya shigo, yaro ɗaya da yatsunsa ya tsaya a madadin makaɗa goma, matasa suka tsunduma cikin waƙoƙin dandalin soyayya, wasu suka bi rap. Koyon da kan ci shekaru ya koma yini guda a ɗan ɗakin da aka liƙa wa soso a bango, kwamfuta tana gyara muryar da ta kauce.

Shiga ta yi sauƙi, cin abinci ne bai yi ba. An kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai, sai dai kaset ya mutu, waƙa ta koma abin da ake turawa a memori da 'yan daloli, daga baya ma kyauta a WhatsApp. Saboda haka sabon mawaƙi kan raba waƙarsa a banza don a san shi, ya jira liƙin biki, ko ɗan kasuwa ko mai muƙami da zai biya kuɗin situdiyo a saka sunansa a baiti na biyu.